Kwana na Sha Ɗaya

Mijin 'yata direban tirela ne, shekara uku ƙwayar hana barci ce ke tuƙa shi. Da 'yata ta gaji ta koma gidan yayarta, sai ta kafa sharaɗi: ya zauna a wurina ya daina, in ba da shaida, sannan ta koma ɗakinta. Na ba shi ɗakin marigayiya matata, don ba ni da wani.

Kwana goma ya yi a yashe kamar buhu. Ya farka ya share tukunya, ya yi kuka ba dalili, ya ce bango na motsi, ya koma barci. Duk na karanta wannan a littafi, saboda haka hankalina kwance. Mutum yana shan wahala, na san ba ƙarya yake yi ba.

Ranar da 'yata za ta zo kuwa, na fito da safe na tarar ya yi aski, yana sharar tsakar gida, har da fito.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Kai dai ka tashi," na ce.

Yana shiga wanka na faɗa ɗakin. Aljihunan wando, ƙarƙashin katifa, bayan madubi, cikin keken ɗinkin marigayiya. Babu ko ƙwaya ɗaya, kuma hakan bai gamsar da ni ba. Hannuna na cikin takalminsa ya shigo.

Ya durƙusa ya miƙo min ɗayan. "Baba, ga wannan ma."

Da rana ta iso. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, ya daina?"

Na dube shi. Ƙafarsa na rawa, kamar ta wanda ya sha ƙwaya. Mai tsoro ma ƙafarsa na rawa.

"Kwana goma zan iya rantsuwa a kansu," na ce. "Na yau ban sani ba."

"Wallahi murnar zuwanki ce," ya ce mata.

"Haka kake cewa duk ranar da ka dawo daga hanya ido a bushe." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Sai ka ƙara wasu goman."

Ta fita. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce zai ɗan taka bakin titi ya sha iska.

Ban hana shi ba. Na dai duba agogo, don in ga daɗewar da zai yi.