Wendell Ya Danna Ƙararrawa

Shugaban makarantarmu bai yi mini kwana-kwana ba: in ba mu ɗauko kofin gasar Latin ta jihar Ohio ba, baɗi zai rufe ajina. Na ce masa to.

Ga mu a zagayen ƙarshe, mun yi kunnen doki da 'yan wata makarantar kuɗi, saura tambaya guda. Dokar kowa ya san ta: kana iya danna ƙararrawa kafin alƙali ya gama karatu, amma da ka danna zai yi shiru, sauran tambayar sai ka cinko da kanka. Na yi ta ja wa ɗalibaina kunne a kan gaggawa har muryata ta dishe.

Alƙali ya gyara tabarau. "Wace kalmar Turanci ta adana bayani ce ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin..."

Ƙirrr!

Wa zan gani? Wendell! Wendell, ɗalibina da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Odalys, shugabar ƙungiyar ɗalibaina, ta dafe kai. "Ka kashe mu, ɗan nema!"

Ni ma na sallama. Kalmomin adana bayani a Turanci kamar tsakuwa suke: wata ta fito daga rubutu, wata daga koyarwa, wata daga alama. Wacce zai ɗauka?

Wendell ya dubi alƙali. "Record," in ji shi. "Daga cor, zuciya. Asalinta a mayar da abu cikin zuciya."

Alƙali ya dubi takardarsa, ya dube shi. "Daidai ne."

Kai! Ban san lokacin da na haye kujera ba, ni da gwiwata mai ciwo. Odalys ta cakumi wuyan rigarsa tana kuka tana dariya. "Ta yaya ka sani? Faɗa mini ko in shaƙe ka!"

"Da alƙali ya zo kan 'mai nufin', sai ya ɗora hannu a ƙirjinsa," in ji Wendell. "Ku kuna kallon ƙararrawa, ni shi nake kallo."

A motar makaranta yaran suka cika bakinsu da burodin fiza, kofi yana yawo hannu zuwa hannu. Wendell ya matso kusa da ni.

"Malama Kowalczyk, ƙanwata tana son shiga ajinki baɗi. In ce mata akwai?"

Hawaye suka zubo mini, na murna. Na ce, "Ce mata ta zo da wuri, kujerun gaba suna saurin cika."