Giwar Tanki na Uku

Tarwaɗa ɗaya ta rage mini mai ƙwai, a tanki na uku. Saboda girmanta Baba ya raɗa mata suna Giwa. Idan ta ba ni ƙwai mai kyau a wannan watan, zan ƙyanƙyashe in cika sauran tankunan da suka bushe. Idan ba ta ba ni ba, kiwon ya tashi ke nan.

Matsalata Baba ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da abin nunawa sai ita. Baƙo ko na tambayar hanya ne, sai ya ja shi bayan gida, ya zura raga ya ɗago ta tana fizge-fizge.

Ni ke ganin abin da ke biyo baya. Da an mayar da ita sai ta lafe a kusurwa, numfashi sama-sama, baƙin jikinta ya koɗe. Yauƙin da ke kare fatarta kuwa yana can a tafin hannun Baba. Sai ta kwana biyu ba ta kalli abinci ba. Kifin da ke firgita kullum, a ciki ƙwansa ke lalacewa.

Ranar Talata na kulle ragar a sito, na rataya makullin a wuya.

"Ke! Ni za ki ɓoye wa raga a gidana?"

"Baba, ka yi haƙuri. Duk ɗagawar da ka yi mata, ji take ajalinta ne ya zo. Kwana goma kawai nake roƙo."

"Kifi ne fa, ba amarya ba!"

"Ko za ka yi fushi, ba zan bayar ba."

Ya kuwa yi. Gaisuwata ma da ka yake amsawa. Abin ya yi mini ciwo, har kuka na yi a bayan tanki, amma makullin bai bar wuyana ba. Giwa dai ta koma cin abinci, baƙinta ya dawo.

Rana ta tara sai ga amininsa, wani tsohon direba. Ina kicin na hango sun nufi bayan gida, sai na tuna na bar siton a buɗe da na ɗebo abincin kifi. Na bi su da gudu, ko takalmi babu.

Ragar na nan a rataye, ga ta ga Baba. Shi kuwa ya tare aminin nasa da hannu, taku uku daga tankin.

"Daga nan ake kallonta," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kuma ka rage murya. Gobe suna da aiki, ita da 'yata."