Maki Biyun Nafisatu

Malam Louis yana cike katunan sakamako a ɗakin malamai sai wata mata ta yi sallama, ta ajiye takardar jarrabawa a gabansa. Adawiyya ce, mai soya kifi a bakin gadar Binuwai a nan Garwa, uwar ɗalibarsa Nafisatu.

"Malam, yarinyar nan ta ƙi cin abinci tun jiya. Ta ce ba ta yi kuskure ba."

Ya duba. Tambaya ta biyar ce: wace lamba za a ninka da kanta ta ba da huɗu ƙasa da sifili? Amsar da ya koya musu ita ce babu. Nafisatu kuwa ta rubuta 2i, shi kuma ya ja mata jan biro. Maki biyun nan su suka hana ta kai goma cikin ashirin, makin wucewa. Ta riga ta maimaita ajin sau ɗaya, don haka bana kora ce.

"A ina ta ga wannan?"

"A tsofaffin littattafan da nake naɗe kifi da su. Takan ware wasu shafuka ta ɓoye."

Louis ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, a ajinsu wannan lambar babu ita. Sai an kai ajin ƙarshe ake koyar da ita."

"To ita lambar, akwai ta ko babu?"

"Akwai, amma ba yanzu ba."

"Ni ban yi lakwal ba, Malam, ban taɓa shiga aji ba. Abin da ke akwai a aji na sama, wa ya ɗauke shi daga na ƙasa?"

Louis ya sake duba takardar. Ta jira kaɗan, ta ce ta bar mai a kan wuta, ta fita.

Da azahar ya ɗauki takardar ya tafi ofishin mataimakiyar shugaban makaranta, Madam Angèle. Ta ce an rufe maki tun shekaranjiya, ba a gyarawa sai da rubutaccen dalili, kuma dalilin zai shiga fayil ɗinsa.

"Amsar ba ta cikin manhaja, Louis. Babu wanda zai zarge ka."

"Na sani."

Ta tura masa fom ɗin gyaran maki. A layin da aka bari don dalili ya rubuta: kuskuren malami. Ya sa hannu, ya koma ya ci gaba da cike katunan.