Rigar Sanyin Baba

Saura kaɗan Auta ta fasa zuwa. Har ta cire takalmi ta ce kanta na ciwo, sai Mama ta leƙo ɗakin da mayafi a kafaɗa.

"Wata biyu kina yi musu ɗinki, yau kuma ki ce ciwon kai? Tashi mu je in ga abin da ya hana ki yi mini shara."

Ba kai ke damun Auta ba, rigar sanyin Baba ce. Ita ce telar 'yan wasan kwaikwayon unguwa, kuma mai shirya wasan ya ce yana son tsohuwar riga don dattijon da zai mutu a ƙarshe. Ta ɗinka biyu, ya ce duk ƙamshin shago suke yi. Shi ne ta lallaɓa ta buɗe akwatin da Mama ta rufe tun rasuwar Baba, wata bakwai ke nan, ta zaro rigarsa ruwan ƙasa, wadda maɓallinta na biyar ya ɓace. Mama ba ta sani ba. Tun da aka yi rasuwar ba ta sake ambatonsa ba. In aka ɗauko zancensa, sai ta tashi duba tukunya.

Suka zauna a layi na uku. Aka ja labule, mai kemis ɗin bakin titi ya fito yana dogara sanda, gemu fari fat da hoda.

"Wannan ba shi ke sayar mini da maganin ƙafa ba?" in ji Mama. "Ji yadda ya tsufa daga jiya zuwa yau!"

Sai ya juyo, rigar ta fito sosai. Mama ta bi maɓallanta da kallo. Auta ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido.

A fitowa ta ƙarshe dattijon na kwance a miƙe bisa gado. Wadda ta fito a matarsa ta ɗauko kofi cike da ruwa ta kafa masa a baki.

"Ke!" Mama ta miƙe tsaye. "Za ki shaƙe shi! Ɗaga masa kai tukuna. Kuma da cokali ake ba shi, kaɗan-kaɗan, ta gefen baki."

Wasu suka tuntsire da dariya, can kuma zauren ya yi shiru. Matar ta waiga, babu cokali a kan dandamalin. Sai ta tallafo kansa a hannunta, ta tsoma yatsa a kofin ta jiƙa masa leɓe.

"Yawwa," in ji Mama a hankali. "Haka."

Ta zauna ta damƙe hannun Auta, ba ta sake shi ba har aka rufe labule.

Aka karɓo rigar daga mai kemis, suka hau bas. Sai da suka shiga gida Auta ta zaro rigar daga jaka.

"Mama, ki yafe mini. Da na tambaye ki..."

"Da na hana ki." Ta karɓa ta shinshina wuyan. "Duk ya cika ta da hoda. Kin san ubanki, ana saura kwana biyu ya rasu sai da ya yi mini tsiya, wai cokalin ya yi ƙanƙanta, rowar ruwa nake masa."

Ta yi dariya, ta goge ido da hannun rigar, ta shige ɗaki da ita.

Da safe Auta ta tarar da rigar a ninke bisa keken ɗinkinta. An sa mata maɓalli na biyar, baƙi, bai dace da sauran ba. A aljihu akwai ƙaramin cokalin shayi.

"Ba sun ce yau ma za su yi ba?" Mama ta ɗaga murya daga kicin. "Ki ce wa mai kemis ya daina tari kamar akuya. Ubanki da aji yake tarinsa."

Auta ta mayar da cokalin aljihu, ta sa rigar a jaka, ta nemi takalminta.