Hannun Mai Zane Ya Fara Rawa

Likitan ya tura masa takarda da biro, ya ce ya zana da'ira. Mai zane ya zana. Abin da ya fito ya fi kama da tumatirin da mota ta taka.

"Kar ka damu, Baba," in ji likitan. "Ba kowa ne ya iya zane ba."

Matarsa, wadda ta rako shi, ta yi wani tari da ba na mura ba. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana zanen barkwanci a mujallar kimiyya. Shi ya sa wa ƙwayar cuta hula da jakar tafiya. Farfesoshin da ke kiran aikinsa wasan yara su ne ke kwafarsa suna sakawa a lacca, bayan sun yanke sunansa daga ƙasa, don tsafta.

Wata huɗu ke nan hannunsa yana rawa. Edita har ya bugo waya ya gaishe shi da jiki, da muryar wanda ya riga ya yi wa wani alkawarin kujerarsa.

Likitan ya nuna wani koɗaɗɗen hoto a bango: ƙwaƙwalwa zaune a ofis tana zabga hamma, saƙonni sun taru a bakin ƙofa. Ya yi masa bayaninsa dalla-dalla, da ƙarfi, sai ka ce rawar hannu tana toshe kunne. Ya ce daga waje aka kawo hoton, can masu basira suke. Mai zane, wanda shi ne ya zana hoton a kan teburin cin abincinsa, ya gyaɗa kai ya yi godiya da wannan ilimi.

Aka ce rawar za ta ragu amma ba za ta tafi ba, ya nemi abin ɗebe kewa, kamar kiwon kaji.

A layin karɓar magani ya juya bayan takardar likita, ya ciro fensir. Layukan suka riƙa fita a karkace, bai fasa ba. Can sai ga likitan ya fito a zanen, da ƙaton kai, yana koya wa kaza yadda ake yin ƙwai. Matar ta leƙo, ta ce hancin bai kai na likitan ba. Ya ƙara masa, ya rubuta sunansa a tsakiyar zanen, inda almakashi ba zai kai ba.

Da layi ya zo kansu, mai ba da magani ya ce likita ya manta bai sa hannu ba, a mayar masa da takardar.

"Zauna ka huta," in ji matar. "Ni zan kai masa."