Fadamar Bubayero

Mutanen Unguwar Gaji ba su taɓa ganin Kamaru ba, galibinsu ma iyakar tafiyarsu kasuwar Gaya ce, amma a shekarar 1961 babu garin da ya kai su jin haushin Kamaru. Rediyon gidan dagaci ce ta kawo musu labari: an kaɗa ƙuri'a can gabas, mutanen wajen Mubi sun zaɓi zama a Nijeriya, na kudu sun bi Kamaru, ita kuma Kamaru ta ce ba ta yarda ba, har na arewan nata ne. Shi ke nan gari ya ɗauki zafi. Mutanen da ba su san gabas ba sai don salla suka wayi gari suna rantsuwa ba za a ba da ko taku ɗaya ba. Masu goyon bayan gwamnati na cewa mutuncin ƙasa ne, 'yan adawa na cewa talakan da bai ƙoshi ba me zai yi da duwatsun da bai taɓa gani ba. Har wa da ƙane sai da suka daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Hansai ba ta cikin ko ɗaya. Ita abin da ta sani shi ne mijinta Bubayero da fadamarsa. Bafulatani ne, an haife shi a ruga bayan gari, ubansa ne ya zo da shanu daga gabas tun kafin a haifi dagacin da ke kan gado. Da shanun suka ƙare sai Bubayero ya kama fartanya. Akwai wani kwari tsakanin Unguwar Gaji da Kafin Dada, duk ƙaya da sarƙaƙiya, ko akuya ba ta son shiga. Shekara uku yana saransa shi kaɗai. Hansai ce ke kai masa fura da rana, ita ce kuma ke zaune da allura da yamma tana cire masa ƙaya daga tafin ƙafa. A shekara ta huɗu kwarin ya ba da rake da albasa, sai ga waɗanda suka yi masa dariya suna bi ta wurin suna gaishe shi da aiki, idanunsu na kan raken.

Laifinsa bai wuce magana ɗaya ba. Ranar kasuwar Ajingi ya tsaya sayen gishiri, ya tarar ana gardama, aka tambaye shi. Ya ce shi a ganinsa mutanen da ke zaune a wuri su suka san inda suke so su bi. Kabo, mai sayen gyaɗa, wanda ke jan samarin jam'iyya, yana tsaye kusa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kun ji ko? Muna neman Kamaru a rediyo, ashe tana bayan gari tana shuka rake."

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci taron ya zarce fadama. Suka sare raken, suka tumɓuke gambar da ke kan iyaka, suka karya jigon ban ruwa, suna waƙar kishin ƙasa. Bayan mako biyu Kabo da mutum goma sha ɗaya suka tsaya gaban alƙali a Gaya suka rantse cewa Bubayero ba ɗan gari ba ne, baƙo ne daga hayin iyaka, kuma aron wurin aka ba shi. Alƙali ya yanke hukunci a kan rantsuwarsu, suka dangwala yatsu, aka ba wanda aka kayar tasa takardar. Su goma sha biyun suka raba fadamar a tsakaninsu, saboda tsabar kishin ƙasa.

Bubayero bai bar garin ba, domin ba shi da wani. Ya koma kiwon shanun mutane, yana bi da su ta gefen fadamar kansa a sunkuye. Damina ta uku tari ya kama shi ya rasu, ya bar Hansai da 'yarsu ɗaya, Kadijatu. Hansai ba ta sake aure ba, ba ta kuma yafe ba. Ta naɗe takardar a tsumma ta sa a ƙasan kwalla, duk shekara takan fito da ita ta shanya saboda gara. Ba ta iya karatu ba, amma sunayen nan goma sha biyu ta haddace su kamar Fatiha. In ɗaya ya mutu takan je gaisuwa, ta zauna, ta ce Allah ya jiƙansa, ta dawo gida ranta a ɓace, don a ganinta ya tsere mata ne.

Shekara goma sha biyar ta wuce. Aka yi babban fari, gonakin tudu suka yi ta ba mutane kunya, fadama ta zama ita ce rumbun gari. Su goma sha biyun da magadansu suka yayyanka ta suna ba da aro, har rabin Unguwar Gaji ya zama daga nan yake ci. Cikin masu ci har da Inuwa, mijin Kadijatu, mai ɗan fili ɗaya na albasa da tumatir.

A 1976 gwamnatin soja ta tashi gyaran ƙananan hukumomi, aka ce kowane dagaci ya nuna iyakar ƙasarsa. Mutanen Kafin Dada suka ce fadama tasu ce. Unguwar Gaji ta sake ɗaukar zafi, da irin muryar da, da irin kalmomin da. Ba za a ba da ko taku ɗaya ba. Aka hana aure tsakanin garuruwan biyu, aka fasa wa wani mai jaki kai don kawai ya fito daga wancan ɓangaren. Sai dai a wannan karon akwai ƙa'idar da kowa ya yarda da ita tun kaka da kakanni: daji na garin wanda ya fara saransa ne. Wanda ya sari wannan kuwa ko makaho ya san shi. Kafin Dada suka ce Bubayero baƙo ne, dajin kiwonsu ne ya shiga da izinin tsohon dagacinsu. Saboda haka duk hujjar Unguwar Gaji ta rataya a kan abu ɗaya, wato a tabbatar Bubayero ɗan gari ne.

Kabo, wanda yanzu Alhaji ne kuma wakilin dagaci, ya yi sallama a zauren Hansai da hantsi, da ƙwaryar goro da turmin atamfa. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, murya ta yi laushi. Hansai ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna daga bakin ƙofa.

"Yaya Hansai," in ji shi, "abin da ya wuce ya wuce. Ƙuruciya ce da siyasa. Ranar Talata jami'i zai zo daga Kano. Gari na buƙatar ki tsaya ki ce marigayi namu ne."

"Ni mace ce, Alhaji, wa zai ji tawa? Ku da kuka san shi ku fara faɗa."

"Za mu faɗa."

"Da ƙarfi, gaban jama'a. Kai da shidan da suka rage. Kowa da bakinsa."

"An gama. Kuma mun yi shawara, in Allah ya ba mu nasara za a yanka miki kashi mafi kyau, na bakin rijiya, a mayar wa gidan nan."

Ta ce ta gode. Ta karɓi goron, ta ce ya koma da atamfar, ta tsufa da ado.

Da la'asar Kadijatu ta shigo da murnarta. Labari ya riga ya zaga gari. Ta durƙusa kusa da uwar tana cewa, "Inna, Allah ya yi. Za su wanke Baffa da bakinsu, ga fili kuma. Yarana za su taso ba mai ce musu jikokin baƙo." Sai idonta ya faɗa kan kwallar a buɗe, tsumman takardar nan a kan cinyar uwar. Murnar ta tsaya.

"Inna, me za ki yi da wannan?"

"Shanya ta zan yi."

"Ba lokacin shanya ba ne. Don Allah, Inna. A wurin nan muke ci."

Hansai ta mayar da tsumman cikin kwalla ta rufe. Gaskiyar magana ita ce ta so abin da 'yarta ke so, ta so shi shekara goma sha biyar. Amma akwai abin da ta fi so. Tana so ta ga Kabo ya fito daga fadamar nan da guga a hannu da kai a sunkuye, mutane na kallonsa. Kashi ɗaya na bakin rijiya ba zai ba ta wannan ba.

Ranar Talata aka taru a gindin tsamiyar da ke gefen fadama, Unguwar Gaji ta yamma, Kafin Dada ta gabas, 'yan sanda biyu a tsakiya. Jami'in saurayi ne mai suna Malam Abdulsalam, yana da tabarau da haƙuri. Ya ji bayanin Kafin Dada, sannan ya kira Alhaji Kabo.

Kabo ya gyara babbar riga ya ce Bubayero ɗan Unguwar Gaji ne, a nan aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, tare suka yi wasan ƙasa. Ya ce gari bai taɓa yin manomi irinsa ba. Sauran shidan suka taso ɗaya bayan ɗaya, wani da sanda, wani ana riƙe da shi, kowa ya faɗa. Hansai na zaune cikin mata, ta rufe ido tana shan maganarsu kamar mai ƙishirwa. Daɗin abin ya kai har ta ji hannunta ya saki bakin zanen da ta ɗaure takardar a ciki. Da ta bar shi a haka da an tashi lafiya. Sai ta buɗe ido ta ga Kabo ya koma ya zauna yana karɓar gaisuwa, yana murmushi, babu abin da ya ragu a jikinsa.

"Ina matar marigayin?" in ji jami'in.

Ta tashi, ta bi ta tsakiyar maza a hankali, ta durƙusa, ta kwance bakin zane ta miƙa masa takardar. "Ranka ya daɗe, ni ban iya karatu ba. A karanta wa jama'a."

Ya warware ta a hankali don ta tsufa. Ya karanta a zuci, ya cire tabarau ya goge, sannan ya karanta da ƙarfi, har da sunayen. Kowane suna ya faɗa sai Kafin Dada su amsa da guna-guni.

"Alhaji," in ji jami'in, "wannan yatsanka ne?"

Kabo ya ce zamanin siyasa ne, ranka ya daɗe, kowa ya san yadda abubuwa suke a lokacin.

"Ka rantse gaban alƙali cewa baƙo ne. Yau ka ce ɗan gari ne. Wanne zan rubuta?"

Kabo ya dubi ƙasa. Gumi na bin gemunsa. Hansai ta ƙura masa ido, ba ta ko ƙiftawa, don kada wani abu ya wuce ta.

Ta ɗauka aikinta ya ƙare, har ta yunƙura za ta tashi. Amma jami'in ya juyo gare ta.

"Iya, maganar waɗannan ta zube, sun faɗi biyu. Saura ke. Ke kika zauna da shi. In kin ce ɗan gari ne, zan rubuta cewa rantsuwar da ce ƙarya, fadama ta tsaya a Unguwar Gaji. In kin ce baƙo ne, takarda ta tabbata. Me kika ce?"

Wannan ba ta shirya masa ba. Ta zaci takarda za ta yi magana ita ta yi shiru. Ta san rugar da aka haife shi, ta san kukar da ke wurin, shi da kansa ya kai ta ya nuna mata suna ango da amarya. Daga cikin mata ta ji muryar Kadijatu, ba da ƙarfi ba: "Inna." Ta dubi Kabo. Ya ɗago kai, kuma ta ga wani ɗan sa rai ya dawo cikin idonsa. Wannan sa ran ne ba ta iya haɗiyewa ba.

"Baƙo ne, ranka ya daɗe," in ji ta.

Aka rubuta. Bayan wata guda hukunci ya zo daga Kano, fadama ta koma ƙasar Kafin Dada, aka ba masu noma a ciki kwana arba'in su kwashe abin da suka shuka. Hansai ta ɗauki 'yar kujerarta ta zauna a gindin tsamiya tana kallo. Ta ga an sauke jigo ɗaya bayan ɗaya. Ta ga Alhaji Kabo, wanda dagaci ya tuɓe daga wakilci, ya fito da guga a hannu, babu mai gaishe shi. Ta ji daɗi, ba za a ce ba ta ji ba, kuma ta zauna har sai da ya ɓace a kwana. Babu wanda ya zage ta. Mata dai sun daina aiko mata da gaisuwa, in ta je rijiya sai hira ta mutu.

Ranar da wa'adin ya cika, da sassafe, amalanke ya tsaya a ƙofar gidanta, an ɗaure tabarmi da tukwane a kai. Inuwa zai koma Toranke wurin kawunsa, ko zai samu gonar tudu. Bai sauko ba. Kadijatu ce ta shigo, da goyo a baya, ta tsaya daga tsakar gida ba ta zauna ba.

"Inna, mun tafi."

"Ki zauna ki sha koko."

"Ana jira na." Ta gyara goyon. "Tun ina ƙarama ake ce mini 'yar baƙo. Mutum goma sha biyu suka rantse a kai, ban taɓa yarda ba, don kullum kina ce mini ƙarya suke yi. Yanzu in yaran nan suka girma suka tambaye ni kakansu ɗan ina ne, me zan ce musu?"

Hansai ta buɗe baki. Amsar na nan, ta san ta sarai, amma ta riga ta ba da wata gaban garuruwa biyu, an kuma kai ta Kano. Ta tsaya da ludayi a hannu har Kadijatu ta gaji da jira ta juya.

"A gaida mutanen Toranke," in ji Hansai.