Yayan Saude

Shekara talatin da shida Lurwanu ya yi a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, Inna Kande kuwa tana cikin matan nan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi daga Rogo aka kai shi Karaye wurin gwaggonsa, a can ya yi wayo, a can ya yi elementare. In ya zo gida gaisuwa sai Inna ta juya masa gefe, ta amsa tana kallon murhu. In magana ta kama dole sai an ambace shi, sai ta ce "yayan Saude", wato ƙanwarsa mai bi masa. Yana yaro abin ya sha ci masa rai. Da ya girma ya fahimta, amma bai daina kwaɗayin ranar da za ta kira shi ba.

Bayan yaƙin basasa ya sami aiki a wani asibitin koyarwa, a sashen binciken cututtukan ƙwaƙwalwa. Sunan ne babba, sashen ɗaki uku ne kacal. Shugabansu Dakta Adebimpe, wani dogon Bayerabe mai Hausar cefane, ya dawo daga karatu a Ingila da tambaya guda da ta hana shi sakat: ciwon nan da ke cinye tunanin tsofaffin Turawa har mutum ya manta ƙofar ɗakinsa, shin akwai shi a ƙauyukanmu, ko kuwa mu tsufa muke kiransa mu wuce? Sista Lantana kuma masu rawar hannu ne suka tsaya mata a rai. Sai ta cika moɗa da ruwa ta ba tsoho ya kai baki, ita tana duba abin da ya zube.

Lurwanu shi ne tafinta, shi ne kuma mai gyara takardar tambayoyi. Wadda likita ya zo da ita daga Ingila ba ta da amfani ko na anini. Wa zai tambayi tsohuwar da ba ta taɓa ganin kalanda ba yau nawa ga Maris? Sai Lurwanu ya soke su, ya sa nasa: yaushe kasuwa ke ci, wace salla ce ta wuce, wane ne dagaci. Sannan a nuna wa tsoho goro da allura da ludayi, a ɓoye, a ja shi da hira, a ce ya faɗi abin da aka nuna masa. Da aka zo zaɓen inda za a yi aikin, ya ce Karaye da Rogo, don can ya san ƙofar kowa. Hakimi ya ba da izini. Duk bayan wata uku Landiroba ke kawo su.

Akwai dalilin da bai faɗa wa likita ba sai da suka hau hanya. Saude ta daɗe tana aiko masa da saƙo. Inna ta zuba gishiri a koko. Inna ta yi azahar sau uku a rana ɗaya. An tsinto Inna a bakin kasuwa tana cigiyar mijinta, wanda ya shekara tara a kabari. Lurwanu da hannunsa ya rubuta sunanta a rajista, lamba sittin da huɗu.

A zauren gidan mijin Saude aka yi mata tambayoyin farko. Ta faɗi ranar kasuwa, ta faɗi dagaci har da sunan ubansa. Goro ta tuna, allura da ludayi suka ɓace mata. Sai likita ya nuna Lurwanu da biro ya ce a tambaye ta sunan wannan mutum.

Lurwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma aiki ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wai likita na tambaya, mene ne sunana?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa ɗanta baya. "Kai, ji wata magana! Saude, waɗannan baƙin naku ba su da ta ido ne?"

Fuskar likita ta faɗi. Ya zana sifili, ya dafa kafaɗar Lurwanu, ya ce cikin tausayi, "Yi haƙuri, Malam Lurwanu. Ciwo ya yi nisa."

Sista Lantana ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Likita, wane nisa? Ɗan farinta ne! Ko wuƙa ka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba."

Sai da suka ɗauki lokaci suna yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ba ya jin nauyin a gyara masa. Ya soke sifilin, ya sa maki, ya kuma kafa ƙa'ida nan take: duk uwar da aka tambaya sunan ɗan farinta, in ta ƙi faɗa ta ci, in ta faɗa ta faɗi. Ya dubi Lurwanu ya ce, "Ka ga, muddin ta ƙi, ta san ko kai wane ne."

Maganar nan ita Lurwanu ya rataya ransa a kai.

Zuwa na biyu, sunan dagaci ya ɓace mata. Zuwa na uku, kasuwa ta bi shi. Zuwa na huɗu ta kira Saude da sunan wata yayar ita Innar da ta rasu tun zamanin fari, ta kuma zarge ta da sace mata tasa. Saude ta rame, ta yi baƙi, don ita ke wanka, ita ke wanki, ita ke shan zagi. Amma duk ranar da Lurwanu ya yi sallama a zaure, Inna sai ta ja mayafi ta kau da kai. Tun daga Karaye ba ya jin hirar da ake yi a mota, ba ya ganin gonakin da suke wucewa, sai ya ga ta juya masa baya sannan numfashinsa ya dawo. Abin da ya sa shi kuka yana yaro, shi yake tahowa nema yanzu tun daga birni.

Wata rana a hanyar komawa ya kasa daurewa. "Likita, masu rawar hannu Sista na ba su ƙwaya. Inna fa? Fiye da shekara guda muna cika takarda."

Likita ya ce, "Babu magani, Malam Lurwanu. Ko a Ingila babu. Muna rubutawa ne don waɗanda za su zo bayanmu su san inda za su fara."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Bayan sun isa, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa shi da Lurwanu.

Zuwa na bakwai ya faɗo da kaka, an gama cirar gyaɗa, duk gari ƙanshin harawa. Da hantsi suka isa Rogo. Saude ta tarye su a ƙofar gida da fara'a, ta ce, "Yaya, yau jikin da sauƙi. Ta sha kunu da kanta, tun safe take hira."

Inna na zaune a tabarma, an yi mata wanka, an ɗaura mata sabon kallabi. Lurwanu ya yi sallama ya durƙusa. Ta amsa. Ya jira hannunta ya kai ga mayafi. Hannun bai motsa ba. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, tana murmushi.

Bai taɓa ganin idon mahaifiyarsa sosai ba sai ranar. Ashe akwai ɗan tabo a ƙasan na hagu.

Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ci ko guda ba, amma tana ta dariya kamar wasa ake yi. Da aka zo ta ƙarshe, ta sunansa, ya dakata. Likita ya miƙo hannu ya ce a hankali, "Bar ta yau." Lurwanu ya girgiza kai. Gara ya sani.

"Inna, mene ne sunana?"

"Lurwanu mana," in ji ta, ba ko gargada. "Lurwanu malamin asibiti. Ai kullum ina jin suna kiranka. Matso nan, ɗan nan, ka zauna can nesa kamar baƙo."

Saude ta toshe baki da gefen zane ta shige cikin gida. Sista Lantana ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya.

Ya matsa. Ta kama hannunsa ta riƙe a cinyarta tana shafawa, ta ce Lurwanu ka rame, Lurwanu ba sa ba ka abinci a birnin ne, Lurwanu kana da iyali kuwa? Sau biyar ta faɗi sunan, yana ƙirgawa. Daɗin da ya yi shekaru yana hasashe ya ji shi, ba zai yi ƙarya ba, ya ji shi har cikin ƙashi. Kuma a daidai lokacin ya san ba shi da sauran uwa da ta san ta haife shi. Zuciyarsa ta karye, hawaye suka zubo, bai share ba don kada ya zare hannunsa daga nata.

Da hagu ya jawo takardar ya zana sifilin da kansa. Likita ya karɓa ya sa a jaka bai duba ba.

Da za su tashi ta ƙi sakin hannun sai da ta gama sa masa albarka. Ta ce, "Kai yaron kirki ne, wadda ta haife ka ta yi dace. Tana da rai?"

"Tana nan, Inna."

"Madalla. To in ka je ka gaishe min da ita."

Lurwanu ya ce, "Za ta ji."